Gaisuwar da kakata ba ta ji ba

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a makarantar kiwon lafiya, malaminmu ya ɗora mini bincike a kan yadda tsoron faɗuwa ke canza tafiyar tsofaffi da hankalinsu. Na ɗauki littafi da wayata na koma garinmu, kusa da Matankari, ina jin kaina likita, alhali ko allura ban iya yi ba tukuna.

Aikin ba wuya. In ja layi biyu a rairayi, taku goma tsakani, tsoho ya taka ina duba lokaci. Sannan ya sake takawa yana faɗo mini sunayen jikokinsa. Tsofaffin gari suka samu abin dariya. Wani ya ce boko ya zo ƙarshe, tunda yanzu masu furfura ake koya wa tafiya.

Kakata ba ta cikin waɗanda na yi niyyar aunawa. Na dai tarar ta yi sanyi, mahaifiyata kuma ta gaya mini dalili. Ta ɓata da aminiyarta, wadda suka yi tallan fura tare tun suna 'yan mata. Wai sau uku aminiyar na gaishe ta a hanya, kakata ta wuce ko kallonta ba ta yi ba. Daga nan kowa ta kama gidanta, damina biyu ke nan. Ga shi bayan girbi ɗan aminiyar zai zo ya tafi da ita Yamai, tafiyar da ba dawowa.

Wata la'asar, ruwa ya ɗauke, ƙasa na ƙamshi, kakata ta dube ni ta ce, "Mai gidana, kowace tsohuwa ka auna, ni matarka ka ƙyale?"

Na ja mata layi a tsakar gida. Ta taka, ido a kan yatsun ƙafa, kafaɗa a ɗage, numfashi a riƙe. A zagaye na biyu, duk sunan da za ta faɗa sai ta tsaya cak. Tana tsakiyar tafiya na kira ta da ƙarfi. Ko gezau.

"Kaka, ba ki ji ni ba?"

"Ka yi magana? Tun ran da nih hwaɗi bakin rijiya, in ina tahiya ƙasa ɗai nika saurare. Ji nikai jirana takai."

Na ajiye littafin, na miƙa mata hannu, na ce, "Taso in raka ki unguwa. Ki bar mini ƙasa, ni zan duba miki ita."

Mun yi nisa kafin ta yarda ta ɗaga kai. Gero ya fitar da kai, belbelu na komawa gida a jere, rana ta shafa wa duwatsun nesa wani ja kamar lalle. Ta yi ta kallo, bakinta a ɗan buɗe. Ta tambaye ni yaushe kurnar bakin masallaci ta yi wannan tsawo. Ni dai idona na ƙasa, ina kauce mata tsakuwa. Akwai wani ɗan kwari da ruwa ya haƙa tsakanin gidanmu da na aminiyar, muka ƙetare shi a hankali.

Muka tarar da aminiyar a kan tabarma tana tsinkar zogale. Kakata ta dafa danga, ta tsaya sosai, sannan ta yi sallama.

"Yau kin ga mutane?" in ji aminiyar, ba ta ɗago ba.

"Wallahi ban ji ki ba. Tsoron hwaɗuwa ya toshe min kunne."

Aminiyar ta ajiye zogalen, ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. "Ni ko hushina kwana bakwai yay yi. Kwarin ga na kasa ƙetarewa."

Na bar su nan har magariba. Bayan haka kullum da la'asar ni ne ɗan rakiya, har ranar da mota ta zo. Ba su sake haɗuwa ba, yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya.

Binciken na miƙa shi, na ci. Amma babu gurbin da zan rubuta damina biyu da tsoro ya cinye wa mata biyu masu son juna, kuma har yau abin na sosa mini rai. Shi ya sa in na gai da tsoho a hanya bai amsa ba, ba na wucewa. Sai in rage tafiya, in jira ya kai inda zai dafa, in sake gaishe shi.