Tokar karan auduga da ƙafar yayana

Shekarun baya, tun ina saurayi mai jin kansa, ni da yayana muna da kamina, wato wurin gasa tubali, a bakin kogi kusa da Kamlin. Na ce "muna da", amma gaskiya shi ne mai aikin. Ni nawa miƙo kara da yawan surutu.

Shekarar nan itace ya yi wuya. Ga shi an gama cirar auduga, kuma dole kowa ya tuge karan hawasharsa, wato gonarsa, ya ƙone saboda tsutsa. Sai yayana ya ce maimakon a ƙone shi a banza, mu kwaso mu ba kamina. Muka yi ta lodi, da saiwarsa da ƙasar da ke jikinta, ba wanda ya tsaya karkaɗewa.

Da mahaifiyata ta ji, sai ta yi murna. Duk matan garinmu sun san tokar kara ta fi ta itace ƙarfi, ita suke tacewa su yi ruwan toka na miya da sabulu. Ta ce wa yayana, "In ka jawo tokar nan kada ka sa mata ruwa. Ruwa na wanke ƙarfinta. Ka tattake ta ta mutu, ka kawo mani." Haka kowa yake yi dama. A baza toka a ƙasa, a bi ta da takalmi, shi ke nan.

Wutar ta yi kwanaki tana ci, ta kai inda bakin ramin yake fari fat. Wata rana da la'asar muka ga iska ba ta shiga, wuta na shaƙewa. Yayana ya zura dogon ƙarfe ya jawo. Maimakon toka ta zubo kamar gari, sai ga wani dunƙule ya fito da ƙyar, bayansa fari-fari, ba ko hayaƙi. Ya ce, "Ga rabon Inna," ya ɗaga ƙafa ya taka.

Ɓawon ya fashe, ƙafarsa ta nutse. Cikin ja ne jawur, yana jan zare kamar maɗi.

Bai yi ihu ba da farko. Ya yarfa ƙafar kamar yadda ake yi wa garwashi, abin bai faɗi ba. Ya sake yarfawa. Takalmin taya ne a ƙafarsa, ya narke ya haɗu da abin, duka suka kama fata. Sai ya dube ni ya ce, "Ba ya fita." Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Na kai hannu zan ɓamɓare, ya buge hannun. Na sungume shi, ni da ko buhun dawa sai an ɗora mani, na ruga da shi cikin kogi. Ruwan ya yi tsuwa, abin ya daskare a ƙafar kamar kwalba.

A bayan wata mota aka kai mu asibiti. Hakim, wato likita, ya duba, sannan ya ce za a jira a ga ko naman zai rayu. In baƙin ya haura idon sawu, sai yanka. Kullum da safe in an kwance bandeji nakan leƙa in ga inda baƙin ya kai. Yayana shi ke ba hawasharmu ruwa, shi ke riƙe da gidan. Mahaifiyata kuwa tana zaune bakin ƙofa da carbi, ta ƙi shiga. Abin da take ta faɗa kawai, "Ni na ce ya taka."

Allah ya taimaka baƙin ya tsaya. Yatsu suka tafi, ƙafa ta tsira.

Daga baya wani abokina da ke aikin tukunyar wuta a masana'antar sukari ya zo dubiya. Da na ba shi labari ya ce, "Ya zol, abokina, mu kullum da shi muke fama." Ya ce gishirin kanwar da ke cikin tokar kara, wanda mata ke so, shi ne in wuta ta yi tsanani ya haɗu da yashin da ke jikin saiwa sai su narke tare su zama danƙo. Tokar itace ba ta cika yin haka ba. A wurinsu manne wa bututu yake, sai an kashe wuta an sa guduma.

Yau yayana yana tafiyarsa, ɗan ɗingishi ne kawai, har tsokanata yake wai ranar ce kaɗai na taɓa ɗaukar kaya mai nauyi. Ni dai har yanzu in na ga toka ta yi fari ta kwanta lamo, gabana faɗuwa yake.

Amma abin da ya fi tsaya mani shi ne wannan. Tun da aka sallamo shi har mahaifiyata ta rasu, bai taɓa cire takalmi a gabanta ba. Ko alwala zai yi sai ya ɗauki buta ya zaga bayan ɗaki. Ta koma ga Allah ba ta ga ƙafar ba.