Yauƙin da ke Kan Ƙafar Baba

Kaifin adda ne ya sare Baba a ƙafa yana saran rake a gonarsa ta Nasarawan Doya, ga shi da ciwon suga. Da na zo daga gidan aurena a Kudan, na tarar wani farin yauƙi ya lulluɓe ciwon. Inna, mahaifiyata, ta hana kowa taɓawa. A gidanmu in gyambo ya yi wannan farin, cewa ake sabuwar fata ce ke tahowa, sai a shafa man shanu a ɗaure da tsumma. Magani kuwa Baba ya sha har ya gaji, wari sai ƙaruwa yake.

Na sa shi a mota zuwa asibiti yana ta faɗa. Malamar jinya ta duba ta ce, "Wannan ba fata ba ce, gidan ƙwayoyin cuta ne." Ta ce ƙwayoyin suna da siraran gashi da suke kama nama da su, jikinsu kuma na da danƙo. In sun kama sai su manne da juna, su fitar da yauƙi su shige ciki, irin santsin cikin jarkar da ta daɗe ba a wanke ba. Magani a waje yake tsayawa. In ba a riƙa kankarewa ba, ƙafar za a yanke. Ta kankare, ta koya min yadda zan goge kullum da auduga.

A gida aka yi yaƙin. Inna ta tare ƙofa ta ce, "Ke wace irin 'ya ce? Allah na ɗinkewa kina farkewa?"

Taurin kai a wurinta na gada. Na ce, "Inna, ki gafarce ni, amma ko duka za ki yi sai na goge."

Baba ya ciji hularsa. Ina gogewa jini na fita, ni kuma ina kuka. Kashegari yauƙin ya dawo, na sake gogewa. Na tsani yauƙin nan, tsana mai tsanani, na rantse sai dai shi ya gaji.

Wata safiya na makara. Na shiga na tarar da Inna a zaune da ƙafar Baba a cinyarta, tana gogewa da ƙarfin da ni ban taɓa iyawa ba. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Miƙo audugar."

Babban yatsan da ciwon ya riga ya ci bai tsira ba, an cire shi, ƙafar dai aka bar masa. Da damina ta faɗi, da ita ya taka zuwa gona, yana ɗingishi, ya ƙi a riƙe shi.