Kuɗin Yatsu Huɗu

Shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, ina akawu a wani injin gurzar auduga a Gusau. A cikin leburorinmu akwai wani dattijo mutumin Tsafe, da rani yake zuwa, ruwa na sauka ya koma gona. Aikinsa tura auduga bakin injin. Wata ranar Talata injin ya haɗa da hannunsa na dama, ya tafi da yatsu huɗu, har da babban.

Sai da ya warke aka turo mana wani jami'i daga Sakkwato ya kimanta asarar. Ya zo da kwat cikin zafin bazara, yana toshe hanci da hankici saboda ƙurar da mu muke shaƙa kullum. A littafinsa akwai zanen hannu, kowane yatsa da farashinsa, sai ka ce mahauci.

Dattijon ya ce, "Ranka shi daɗe, da wanga hannu nika riƙon hauya."

Jami'in ya ce, "Baba, babu noma a takardar nan."

Ya yi lissafinsa, ya miƙo tawada ya ce a dangwala da babban yatsan dama. Dattijon ya ɗago dungun ya nuna masa. Mutumin nan da karatunsa ya fi minti goma yana laluben littafi ko doka ta yarda da hagu. Na tambaye shi leburorin da ƙurar auduga ta sa wa tari, da ke zaune a bakin ƙofa fa, sai ya ce tari ba rauni ba ne. Rahoton da na buga masa da hannuna cewa ya yi an yi asarar rabin yinin aiki.

Bayan damina biyu na tsaya a Tsafe na nemi dattijon. Gonarsa ta zama saura, ciyawa ta cinye ta. Matarsa ta sayar da awakinta kaf. Ƙanensa da ke ɗinki a Bungudu ya sayar da keken, ya dawo riƙon gida biyu, masu ba shi ɗinki suka koma wani wuri. Kuɗin diyya kuwa ko watan azumi ba su kai ba.

Ya zubo mini gyaɗa da hagu, ya tambayi lafiyar jami'in. Na ce an ƙara masa girma.

Ya ce, "Madalla. Ai ya yi wahala ranan."