Igiyar da ke ƙugun Baban Ummi

Tun zuwan Baban Ummi hutun ƙarshen wata hankalina bai kwanta ba. Na ga shatin igiya a ƙugunsa, ja wur, ya ce bel ne ya matse shi. Mutumin da ko a bikinmu bai ɗaura bel ba! Da na zo wanki kuma sai ga shanshera har cikin aljihun ƙirjinsa. Me zai kai shinkafa can? Shi ne na ce sai na je kamfanin casar shinkafar da yake aiki a Katagum na gani da idona.

Mun tashi da asuba daga Azare, ni da ƙanwarsa, Ummi a bayana, kwanon dambu a cinyata. Kuɗin mota ya ƙaru, amma ramukan hanya ba su ragu ba. Duk wanda muka faɗa sai na dafe kan yarinyar. A wani ƙauye muka sayi nono wurin wata Bafulatana, na kasa sha. Da muka kusa, sai fadama ko'ina, an shanya shinkafa har bakin titi, direba yana kauce mata yana mita.

Tun daga ƙofar kamfanin ƙasa ke rawa a tafin ƙafata. Ɓuntu tsibi-tsibi ya fi ɗakinmu tsawo. Ciki akwai wani ƙaton mazurarin ƙarfe da ake zuba shanshera ta sama, tana gangarowa cikin inji. Duk jikinsa ya lotsa kamar tsohuwar tukunya. Ban gama mamaki ba sai shinkafar ta daina sauka. Maza biyu suka hau dukansa da guduma. Shiru.

Sai na ga Baban Ummi yana hawa tsani da gora a hannu, igiya a ƙugu. Bai gan ni ba. Ɗaya bakin igiyar an ratsa ta kan wani ƙarfe, yana hannun wani dattijo Babarbare.

Na ce, "Baba, ina zai je?"

"Ciki, 'yata. Shi ya fi kowa rashin nauyi. Matarsa ba ta ba shi tuwo."

Ƙanwar mijina ta ce, "Baba, ga matar."

Dattijon ya naɗe igiyar a hannu sau biyu.

Ashe shinkafar daskarewa take ta sama, ƙasanta rami. Sai mutum ya taka ta ya soka gora. Ina jin sukan, ɗaya, biyu, sai wani ruuu kamar katanga ta zube. Igiyar ta fizgi dattijon har ƙafarsa ta ja ƙasa. Na yi salati, na kama igiyar ni ma, da goyona. Ban san sanda mutane suka taru a kanta ba. Da Baban Ummi ya leƙo, fari fat yake har wuya, yana tari. Ya fara dariya, ya hango ni, dariyar ta tsaya.

A gindin bishiyar maina ya ci dambunsa bai ɗago kai ba. Dattijon ya ce injin don busasshiyar shinkafa mai tsabta aka ƙera shi, tamu kuwa da danshi take zuwa, da yashi. Ya ce ko injiniyan da ya kafa shi bai san ranar da za ta toshe ba. Shi ma guduma ya bar musu.

Mun iso Azare bayan la'asar, tafin hannuna a saluɓe. Yanzu nawa shatin ya zama irin nasa. Ban ce ya bar aikin ba, da shi muke ci. Abin da na gane, ba ƙarfi ne ya yi musu kaɗan ba, sani ne.

Ni karatuna bai wuce firamare ba. Amma ku da kuke da 'ya'ya ko ƙanne masu karatun injiniya, don Allah ku tura su su je su duba mazurarin nan, su gwada da irin shinkafarmu, su gano yadda za ta riƙa sauka ba sai mutum ya shiga ba. Jibi ma Baban Ummi zai shiga, kuma dattijon nan hannunsa ya fara rawa.