Hannun Yaya da Ranar Horon Gobara

Yayana ba mai magana ba ne. In ka gaishe shi ya amsa da baki maimakon gyaɗa kai, to ranar ka tashi da sa'a. Amma sau ɗaya a shekara, ranar da doka ta tilasta wa masana'antar katifar da muke aiki ta tara ma'aikata ta koya musu yadda ake tsira daga gobara, sai ka rantse canjo mana shi aka yi.

Ni a kicin ɗin ma'aikata nake, shi a sito. Da can a injin yanka soso yake, shi da autanmu. Ranar da wuta ta tashi, ba wanda ya taɓa nuna musu ko ƙofar gudu. Duk da haka sun fito lafiya lau. Sai Auta ya tuna bai kashe injinsa ba, ya juya ciki da gudu. Inji, jama'a! Sai ka ce na gidanmu ne. Yaya ya bi shi, ya fito shi kaɗai, hannunsa na dama ya ƙone har gwiwa, yatsun suka warke a lanƙwashe.

A gida ba a ambaton Auta. Da Inna, mahaifiyarmu, ta ji sunansa jininta ke hawa, sai mu kwana a asibiti. Dole muka rufe bakinmu.

Da aka sake gina wurin, hukuma ta sa wa masu masana'antar ido kan horon nan, sai manaja ya roƙi Yaya ya riƙa cewa wani abu. Na yi tsalle na dire. Na ce, "Wato sun ƙona ka, yanzu kuma za su mai da kai allon talla?" Ya ce, "Ke dai bari, ƙanwata." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ashe shi ya san abin da yake so. Zai tsaya gaban mutane, ya naɗe hannun riga, ya kira Auta da cikakken sunansa. Ba da wutar yake farawa ba. Sai ya ba su labarin yadda Auta ke rera waƙa da muryarsa marar daɗi da ko inji ya ji tsayawa yake, da yadda yake ɗanɗana abincin kowa wai yana duba gishiri. A yi ta dariya har da riƙe ciki. Can sai ya ɗaga hannun ya ce, "In kun fita, kun fita. Ba abin da ke ciki da ya kai ku." Har suna suka sa masa, Baba Kar-ka-koma. Tun ana saura mako yake goge rigarsa. Bayan taron ya kan kwanta zazzaɓi, amma in ya tashi sai ka ga ya yi wasai. Ni kuwa a bakin ƙofa nake laɓewa da ludayi a hannu, don nan kaɗai nake jin sunan ƙanena a bakin mutum.

Bana aka tsaurara dokar. Wai sai mai takardar shaida ne zai ba da horo. Aka kawo wata jami'a daga hukumar kashe gobara, da majigi da tukwanen kashe wuta. Tsakani da Allah ta iya aikinta, a bakinta na fara jin ba a watsa ruwa a wutar da ta tashi daga mai. Yaya ya je ya roƙi manaja ɗan lokaci a ƙarshe. Manaja ya dafa shi ya ce, "In an samu sarari, Baba."

Ya zauna a layin gaba da gogaggiyar rigarsa. Da jami'ar ta nemi wanda zai gwada zare ƙusar tukunyar, shi ta nuna. Ya tashi, ya yi ta fama, yatsun suka ƙi. Ta riƙe masa tukunyar cikin ladabi ta ce, "Ayya, sannu Baba. Me ya sami hannun?"

Tsofaffin ma'aikata suka sunkuyar da kai. Sababbin, waɗanda suka fi yawa yanzu, suna ta danna waya. Ni daga bakin ƙofa ina cewa a raina, faɗa mata, Yaya, don Allah faɗa mata! Ya dubi manaja. Manaja yana duba agogo.

"Ruwan zafi ne, 'yata," in ji shi. "Tun ina yaro."

Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta kira na kusa da shi. Na koma kicin na yi kukan da ko ranar jana'izar Auta ban yi ba. Da yamma muka jero zuwa gida, na buɗe baki zan yi masa masifa, sai ya riga ni.

"Yau ne Auta ya mutu, ƙanwata," ya ce. "Kar ki gaya wa Inna."