Ba-Gyara da Mutum-mutumin da Ya Ƙi Zama Tifa

Leburori ne suka sa wa mahaifina suna Ba-Gyara, sunan kuma ya bi shi har cikin gida. Shekara arba'in da ɗaya yana gini, in mai gida ya zo ya ce a matsar da taga ko a ɗan rage katanga, amsarsa ɗaya ce: "Da ka faɗa tun bulo yana ƙasa. Aikina ba gyara." Yakan goge cokalin gininsa a gefen wando ya ci gaba da aiki, kai kuma ka tsaya da bakinka a buɗe. Mutane suna jin haushinsa, amma sai ka gan su sun dawo, don ba a taɓa jin katangarsa ta tsage ba.

Ni ce autarsa, ni kaɗai ce kuma nake iya yi masa tsiya in kwana lafiya. Tun ina ƙarama na san in mun shiga gidan mutane Baba ba ya kallon mai gida sai ya gama kallon kusurwar ɗaki. Ya taɓa fasa shan shayi a gidan amininsa saboda rufin ya karkata, wai shayin ma a karkace zai sauka. Ko da gwiwa ta hana shi hawa sama ya ajiye aiki, igiyar awonsa ba ta bar aljihunsa ba.

Gidanmu shi ya gina shi da hannunsa, a nan kuma matsalar take. Ƙofar ɗakin Inna ƙarama ce, ga dokin ƙofa mai tsawon taki guda da matakala biyu, don kada ruwan sama ya shiga. Shekara talatin ruwa bai shiga ba, wannan gaskiya ne. Amma da ciwo ya kama ƙafafun Inna aka kawo mata keken guragu, sai keken ya fi ƙofar faɗi da yatsa uku. In za ta fita sai an ɗauke ta cak, a naɗe keken a fitar, a sake zaunar da ita. Sau biyu aka yi haka ta ce ya isa, ita ba buhun siminti ba ce. Wata bakwai tana cikin ɗakin, ta taga take leƙen bishiyar lemon da ta shuka a tsakar gida.

Yayanmu ya kawo wani matashin magini don a faɗaɗa ƙofar. Baba ya tare yaron a bakin gida, ya tambaye shi shekararsa nawa, ya ce ƙofar ta girme shi, ya koma ya gaishe da iyayensa. Da muka matsa masa sai ya auna keken ya auna ƙofar, ya yanke hukunci cewa wanda ya ƙera keken ne bai san awo ba. Ba wai ba ya son Inna ba ne. Kullum yana zaune a gefen gadonta yana ɓare mata lemo yana ba ta labarin gine-ginen da ta ji sau ɗari. Hali ne kawai, zanen dutse. Ranar na yi fushi da shi sosai, har na yi kwana uku ba na zuwa.

Ni kuwa sana'ata kayan wasan yara. Ina da ɗan shago, in sabon kaya ya zo nakan ɗauki bidiyo da waya in nuna wa iyaye abin da ke cikin kwali, in faɗi inda ya yi kyau da inda ya gaza. Wata rana aka kawo min irin 'yan bulullukan robar nan da ake maƙala wani kan wani. Guda ɗari shida da 'yan kai ne a cikin leda bakwai masu lamba. In ka haɗa su mutum-mutumi ne ja da rawaya mai tsawon kamu ɗaya, in kuma ka naɗe shi sai ya koma motar tifa. Na duba ɗan littafin da ya zo da shi, shafi tamanin, na ji kaina ya sara. Sai na tuna ina da magini a gida yana zaman banza.

"Baba, na kawo maka kwangila," na ce, na dire kwalin a kan tabarmar ɗakin Inna.

Ya juya shi ya karanta hoton da ido. "Wannan ai aikin yara ne."

"To bari in kai wa yaron nan da ka kora. An ce hannunsa da kyau."

"Ajiye," in ji shi. Inna ta rufe baki da gefen mayafi.

Ba a jima ba ɗakin ya koma wurin aiki. Baba ya sa aka kwaso ƙananan kwanukan Inna guda tara, ya ce ba a fara gini kaya suna a cakuɗe. Inna ce mai rarrabewa, don idonta ya fi nasa: jajaye nan, baƙaƙe can, 'yan mitsi-mitsin kuma a murfin kwalba. Shi yana miƙa hannu ba tare da ya ɗago ba, "Mai ido huɗu, rawaya," ita tana ɗora masa a tafi. In ta yi jinkiri ya ce leburan nan nasa ya tsufa, ta ce ai ladan da ake ba shi ne bai taka kara ya karya ba. Na daɗe ban ji dariyarta haka ba.

Na jingina waya da kofi na fara ɗauka. Baba bai san ana yi wa waya murya ta musamman ba, yadda yake magana da leburori haka ya yi. Littafin ya burge shi saboda babu rubutu, zane ne zalla. "Wanda ya yi wannan ya san ma'aikaci ba ya son surutu." Ya yaba ɗaurin bulon ƙirjin, ya nuna wa waya da farce yadda kowane bulo ya hau kan biyu, ba a jera gaɓa kan gaɓa ba. Tafin ƙafar ma ya ce ta yi faɗi yadda ya kamata, harsashi ke nan. Amma 'yan takardun ado da ake mannawa sun sha zagi, don ya manna ɗaya a karkace ya ɓata minti ashirin yana ɓamɓaro ta. Da ya taka wani ɗan bulo da ƙafa ba takalmi kuwa, abin da ya faɗa sai da na yanke shi daga bidiyon.

A rana ta biyu ya kai kafaɗu da gwiwoyi, a nan fuskarsa ta canza. Ya ɗaga hannun mutum-mutumin, hannun ya juya. Ya taɓa gwiwa, gwiwa ta lanƙwashe. Ya girgiza kai ya ce, "Nan sun yi sakaci." Na ji shi sarai, amma hankalina yana kan wata mata da ke ta kirana daga shago, sai na ce masa in na dawo gobe za mu ƙarasa. Laifina ke nan, na yarda.

Washegari da hantsi na tarar da shi ya sa riga mai tsabta, ya kafa mutum-mutumin a kan teburin maganin Inna. Gaskiya ya yi kyau. Ƙirji a buɗe, kafaɗu a daidaice, 'yan tayoyi a jere a bayan ƙafafu. Wani wari-wari na ɗan tashi a ɗakin, ban kawo komai a raina ba. Na kunna waya na gyara murya.

"Jama'a, ga shi an kammala. Yanzu sai abin da ya sa yara ke kuka a kansa: za mu mai da shi tifa. Da farko a tura kai cikin ƙirji."

Na tura, kai bai motsa ba. Na ce wataƙila ta ƙafa ake farawa. Na kama gwiwa na lanƙwasa, ko gezau.

"Ƙara ƙarfi," in ji Baba, yana murmushi. "Girgiza shi ma. Jefa shi ƙasa in kina so."

"Baba, me ka yi masa?"

Ya zaro 'yar kwalbar gam daga aljihu, irin mai kama ƙarfe, ya nuna wa waya. Ta huɗu ke nan, in ji shi. "Duk inda suka bari yana rawa na bi na ɗaure. Gwiwa, kafaɗa, wuya, ƙugu. An taɓa gini ba siminti? Ku gaya wa masu kamfanin su riƙa sa gam a cikin kwalin."

Na zauna a ƙasa na yi dariya har hawaye. Ban iya bayani ba, sai na nemo bidiyon masu kayan na miƙa masa. Ya sa tabarau ya kalla. Kan ya nutse cikin ƙirji, hannaye suka koma baya suka haɗu, ƙafafu suka naɗe suka zama bayan mota, tayoyi suka sauka ƙasa. Kafin ka ce kwabo ga tifa, har bayanta yana ɗagawa ya zubar da yashi. Ya sa na maimaita masa sau uku.

"Wato da gangan suka bar shi yana motsi?"

"Da gangan, Baba. Don haka aka yi shi."

"Kuma in ya koma mutum yana tsayawa? Ba ya faɗuwa?"

"Yana tsayawa daram."

Ya ɗauki nasa ya juya shi, ya gwada gwiwar da babban yatsa ko za ta ji tausayinsa. Gam ɗin Baba ba ya wasa. Inna ta miƙo hannu ta karɓa, ta kwantar da shi a cinyarta tana shafa masa kai kamar jariri.

"Sannu, bawan Allah," ta ce masa. "Kai ma ka faɗa hannun Malam. Ga tayoyi an ba ka, ba inda za ka. Zauna nan kusa da ni, mu riƙa kallon taga tare."

Da wasa ta faɗa, har tana 'yar dariya. Ni dai dariyata ta tsaya. Baba ya cire tabarau ya naɗe, ya dubi Inna, ya dubi keken da ke jingine a bayan ƙofa. Ya ce min in kashe wayar, na kashe. Ya tashi ya fita, muka ji shi yana buɗe tsohon akwatin kayan aikinsa. Tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa ganin kunya a fuskar mahaifina ba sai ranar.

Da ya dawo alli ne a hannunsa. Ya ja layi a gefen ƙofar daga sama har ƙasa, yatsa biyar daga bakinta. Ya ƙwanƙwasa saman ƙofar ya ce lintar da ya zuba a nan, wato simintin da ke riƙe da bango, ta wuce ƙofar da taki guda kowane gefe, saboda haka ba abin da zai motsa. "Wani magini ne da tuni rufi ya sauko muku a ka," in ji shi. Ko a wannan hali sai da ya yabi kansa.

Aka mai da Inna ɗaya gefen ɗakin aka rataya zane saboda ƙura. Yayanmu ya zo da gudu ya ce a bar masa gudumar, Baba ya ce wanda ya ɗora bulo shi ya san inda zai buga. Matashin maginin nan ma an aika ya zo, amma kwaɓa siminti kawai aka bar masa, yana yi ana gaya masa ruwa ya yi yawa. Kwana biyar aka yi. Dokin ƙofa ya tafi, matakala ta zama gangara mai sauƙi, a bakinta kuma Baba ya yanka 'yar hanyar ruwa, don ko me za a yi ruwan sama ba zai shiga ɗakinsa ba.

Bidiyon kuwa na sa shi a intanet, ban cire wurin gam ba. Ban taɓa samun masu kallo irin haka ba. A ƙarshensa na tambayi Baba maki nawa zai ba kayan cikin goma, ya ce takwas. Ɗaya ya tafi saboda takardun ado, ɗaya kuma saboda ba su rubuta a kwali cewa kada a ba tsohon magini ba. Har yau iyaye in sun zo shago sai sun tambayi lafiyar "Baban gam".

A rana ta biyar da la'asar ya gama shafe gefen ƙofar, sumul kamar an goge da man shafawa. Ya ce sai gobe za a fita, shafen bai sha iska ba. Inna ta ce wata bakwai ta yi tana jira, ba za ta ƙara kwana ɗaya saboda siminti ba. Muka zaunar da ita a keke. Na kama zan tura, Baba ya ture hannuna ya kama da kansa, yana tafiya a hankali yana leƙen dama da hagu.

Suna tsakiyar ƙofar Inna ta miƙa hannu ta dafa bango, ta danna sosai.

"Ke! Bai bushe ba!"

Ina, aikin gama ya gama. Yatsu biyar da tafi sun fito raɗau a cikin sabon shafen. Ya gangara da ita har gindin lemon, ta ɗaga fuska rana ta sauka a kanta, ta lumshe ido. Ba ta yi minti ɗaya ba ta fara faɗan waye ya bar rassan nan suka yi haka ba a sare ba.

Baba ya koma bakin ƙofa ya ɗauki cokalinsa, ya ɗebo ɗan siminti ya kai hannu zai shafe wurin. Ya tsaya yana kallon yatsun. Can sai ya mayar da simintin cikin kwano, ya miƙa wa matashin cokalin.

"Wanke kayan," ya ce. "An tashi."