Ranar da Baba Ya Zo Jin Fassarar Judo

Ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba na gama sakandare, ina zaman jiran sakamako, sai na faɗa judo, kokawar Japanawa. Wani tsohon soja ne ya dawo gida Daura da ita. Ya share wani kango a bayan unguwarmu, ya jera tsofaffin katifu, ya lulluɓe su da tamfol. Mu takwas ne ɗalibansa. Wallahi ban taɓa son wani abu kamar yadda na so kangon nan ba.

Bakina ne ya ja mini. Komai da Japananci ake faɗa a can, ni kuwa na kwaso kalmomin na kawo gida. Ƙannena za su sa hannu a tuwo, in ce, "Hajime!" Ashe gwaggona, wadda ba ta gajiya da kai rahoto, tana ji. Ta je ta gaya wa Baba wai sunkuya wa mutum muke yi, muna kiran sunayen da ba a san na su waye ba.

Baba malamin zaure ne, kuma ba ya maimaita magana. Ya ce, "Kada ƙafarka ta sake takawa can sai na ji ma'anar kowace kalma daga bakin mai koya muku." Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba.

Ranar Alhamis, da yake babu karatu, ya ɗauki buzunsa muka tafi. Ya shimfiɗa shi a bakin tamfol, ya ce a yi yadda ake yi a zaurensa: ɗalibi ya ja baƙi, malami ya fassara. Na durƙusa na fara.

"Sensei."

"Malami," in ji sojan.

"Hajime."

"A fara."

"Ukemi."

"Iya faɗuwa, Malam, don kada mutum ya karye."

Baba ya ce, "Ikon Allah. Har faɗuwa koyonta ake yi?"

Sai na zo kan rei. Sojan ya ce gaisuwa ce. Baba ya ce in nuna, na miƙe na sunkuya. Nan take ya ɗaure fuska.

"Wannan ya yi kusa da ruku'u. Ɗana ba zai yi wa kowa shi ba."

Na ce a raina shi ke nan. Sojan ya sosa ƙeya, can ya ce, "Malam, girmamawa ake nufi. Daga yau in na ce rei, hannu za su ɗora a ƙirji." Baba ya dube ni kawai ya ce, "Saura."

"Matte."

"A dakata," in ji sojan.

"Ko mutum yana saman abokin karawarsa, ransa a ɓace?"

"Ko da haka, Malam."

"In gani."

Aka haɗa ni da wani ƙato, ɗan gidan mahauta, wanda kullum shi ke kayar da ni. Ya kuwa maka ni da katifa a gaban mahaifina! Kunya ta zama fushi, idona ya rufe. Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni na juya shi na danne, karo na farko tun da na fara. Ina haki, ina cewa a raina yau sai ya gane kurensa.

"Matte!" in ji sojan.

Allah ya sani ban so sakinsa ba. Amma hannuna ya riga ya saba, na sake shi, na miƙe, na ba shi hannu ya tashi.

Baba ya miƙe. Sannan ya naɗe buzunsa, ya juya wajen sojan.

"Shekara goma sha tara ina ce wa yaron nan ya bari, bai taɓa bari a kira ɗaya ba," in ji shi. "Ku riƙe mini shi."